Marar nauyi ko mai ƙarfe: kafin ƙaramar bindiga ta shigo gidanki

Uwargida, idan maigidanki direba ne, ko ɗan kasuwa mai cin Shuwarin da Sara da Maigatari yana dawowa cikin dare da kuɗi a jikinsa, wataƙila kin taɓa jin ya ce da zai samu 'yar ƙaramar bindiga ya riƙa sokewa a ƙugu. Tsoro ne ya sa shi faɗa, kuma ba a ga laifinsa ba. Tun da gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'arsa su nemi lasisin bindiga a watan Yunin 2022, zancen ya shiga majalisun maza har nan Dutse, duk da cewa mu a Jigawa muna da sauƙi, alhamdulillahi.

Musun da suke yi shi ne wacce ta fi. Akwai marar nauyi irin Glock 17 ta ƙasar Ostiriya, wadda gangar jikinta roba ce mai tauri, ba ta kai kilo ɗaya ba. Akwai mai ƙarfe zalla irin Colt 1911, wadda ta ɗara kilo ɗaya. Ta farkon ta fi daɗin ɓoyewa cikin riga, amma rashin nauyinta yana ƙara fizgar hannu idan ta tashi. Ta biyun nauyinta yana rage fizgar, sai dai tana rinjayar wando.

To, wannan musu na Amurkawa ne. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, ba a riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. Wanda aka kama da ita ba lasisi, shekara 10 ne mafi ƙarancin ɗaurinsa. Ki lissafa ajin da autanki zai kai kafin babansa ya fito.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na ma'aikaciyar jinya, ƙanƙantar ce. Abin da ya ɓuya a aljihun babbar riga da rana, da dare ina yake kwana? Ƙarƙashin filo, saman durowa, ko cikin rigar da aka rataye a bayan ƙofa. Nan ne kuwa yaranmu suke laluben canji da alewa. Kada ki ce hannunsa bai yi ƙwari ba, yaro ɗan shekara uku ko huɗu yana iya haɗa yatsu biyu ya ja kunamar bindiga. A can Amurka da ake ta zaɓen mai nauyi da marar nauyi, a 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa.

Gidaje da yawa a ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu dama akwai bindigar toka ta farauta ko ta aikin banga. Idan haka gidanki yake, ki lallaɓi maigida, ba a gaban yara ba, kada ta kwana a ɗure. A kulle ta, albarushi da harsashi kuma a wani wurin daban, makulli a jikinsa. Jingine ta a lungun zaure ba ajiya ba ce. Idan za ki tura yara hutu gidan kaka ko kawu, ki tambaya, ko da za a ce kin cika fi'ili.

In kuma tsautsayi ya auku, Allah Ya kiyaye, ki ninka tsumma mai tsabta ki danne raunin da ƙarfi, kada ki ɗaga don leƙawa. Ya jiƙe, ki ɗora wani a kai. Ban da zuba toka ko garin magani, ban da tono harsashi, ban da ba shi ruwa ko abinci, don wataƙila za a shiga da shi tiyata. A wuce asibiti mafi kusa nan take. Dokar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.