Ranar da Yaron Ya Nemi Abinci

A shekarar 1967 aka gano cewa ɗan Dakta Lester Grinspoon, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Harvard ta Amurka, yana ɗauke da kansar jini. Yaron bai wuce shekara 10 ba. Da ciwon ya yi tsanani, sai aka ɗora shi kan maganin kansa mai ƙarfi, wanda azabarsa ta kusa fin ta cutar. Duk ranar da aka yi masa allura, sai ya kama kelaya amai, wani lokaci har awa 8, bokiti a gefen gado, ciki ba komai amma yunƙurin bai daina ba. Har ya kai ga yaron yana roƙon a daina kai shi asibiti.

Wajen wata liyafa, Dakta Emil Frei, ƙwararre kan kansa, ya ba mahaifin labarin wani matashi a birnin Hustan wanda tabar wiwi ta tsayar wa da irin wannan amai. Mahaifin ya yi ɗari-ɗari, don doka ta hana. Uwar yaron kuwa, da ta gaji da ganin ɗanta yana galabaita, ita ta nemo masa. Ya ɗan zuƙa kafin allura. Ran nan ko tashin zuciya bai yi ba. A hanyar gida ma ya ce a tsaya a saya masa burodi da nama, ya cinye tas.

Yaron ya rasu a 1973, amma sauran kwanakinsa sun yi sauƙi. Abin da ya faru ya sa Frei da Stephen Sallan da Norman Zinberg suka gwada sinadarin THC, wanda ke cikin ganyen wiwi, a kan masu kansa a Boston. Sakamakon da suka buga a 1975 ya nuna yana rage amai, domin yana lafar da sashen ƙwaƙwalwa mai tayar da shi. A 1985 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayoyin Marinol da Cesamet, waɗanda aka harhaɗa bisa wannan sinadari.

Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin lasisin shaye-shaye. Likitoci sun tabbatar cewa masu yawan busa wiwi na tsawon shekaru kan kamu da amai mai tsanani. Awo da kulawar likita su ne suka raba magani da guba. Majinyacin da ya kasa riƙe ko kurɓin ruwa yana da hakki a nema masa sauƙi, ta hanyar ilimi.