Daga Tawa zuwa Tahoua: yadda jaridun Ingilishi ke kallon Nijar ta bakin Faransanci

A daren 26 ga watan Yuli na 2023, da sojoji suka sanar da kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, sunan Nijar ya cika tashoshin Amurka da Ingila. Ƴan Nijar mazauna Greensboro da New York da suka zauna gaban talabijin sun ji ana kiran ƙasarsu da baki biyu. Wasu masu karanta labarai na cewa "Nijer" kamar yadda Bafaranshe ke faɗi, wasu kuma na cewa wani abu mai kama da "Naija", wato laƙabin da ƴan Najeriya ke yi wa tasu ƙasar.

A rubuce ma lamarin bai fi sauƙi ba. A Ingilishi, harafi ɗaya tak ya raba ɗan Nijar da ɗan Najeriya: Nigerien da Nigerian. Ta farkon aro ce daga Faransanci, kuma da yawa daga masu karatu na ɗaukar ta kuskuren bugu ne. Duk wanda ya taɓa cika takarda a ƙasar masu Ingilishi, ko ya aika kuɗi gida, ya san wahalar bayanin cewa Yamai daban, Abuja daban.

Inda abin ya fi zurfi shi ne sunayen garuruwa. Jaridun Ingilishi ba daga bakin mutanen gari suke ɗauko su ba, daga taswira da takardun gwamnati suke kwafowa, waɗanda aka rubuta da ƙa'idar Faransanci tun zamanin mulkin mallaka. Bafaranshe na rubuta "ou" inda Bahaushe zai sa u ko w, "tch" a madadin c, "dj" a madadin j. Haka Tawa ta zama Tahoua, Tasawa ta zama Tessaoua, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi, Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji. Wanda ya yi lakwal a Nijar na karanta waɗannan ba gargada. Ba'amurke kuwa bai san ƙa'idar ba, sai ya furta kowane harafi da dokar harshensa, suna ya fito a siffar da ko ɗan garin ba zai gane ba. Ƙugiyar Maraɗi da ta Ƙonni tun a hannun Faransawa suka faɗi. Damagaram kuma kusan ba a ganin ta, Zinder kawai.

Sunan shugaban ƙasa ma bai tsira ba: a makonnin farko, jaridu sun yi ta rubuta Tchiani a nan, Tiani a can. Ga mai neman labarin gida a intanet wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in ya rubuta sunan garinsu yadda uwarsa ke faɗinsa, ba lalle ya samu komai ba. Iyali guda ma iyaka kan raba musu rubutu, Ousmane a Maraɗi, Usman a Katsina.

Ita kanta kalmar da aka ba labarin da ita, coup, guntun coup d'état ne na Faransanci, wadda Ingilishi ya daɗe da haɗiyewa tare da communiqué da gendarme. Gajerun sunayen hukumomi kuwa ba su da tsari ɗaya. CEDEAO na komawa ECOWAS saboda ƙungiyar na da sunanta na Ingilishi, amma CNSP da AES ana barin su da haruffan Faransanci, sai a fassara ma'anar a gefe.

Ko ƙasa na iya tilasta yadda za a kira ta? Côte d'Ivoire ta gwada a 1985, lokacin Félix Houphouët-Boigny, ta nemi a daina fassara sunanta a kowane harshe. Majalisar Ɗinkin Duniya da ma'aikatun diflomasiyya sun bi. Sashen Ingilishi na BBC da wasu manyan kafofi har yau Ivory Coast suke cewa. Editoci sun fi jin maganar mai karatunsu da ta gwamnatin wata ƙasa.

A Yamai an fara taɓa sunaye. A watan Oktoba na 2024 titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, a 2025 kuma ƙasar ta fice daga ƙungiyar masu magana da Faransanci, sabon kundin mulki ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Sai dai allunan bakin hanya, fasfo da sanarwar hukuma har yanzu Tahoua suke rubutawa, kuma daga nan ne editan da ke Landan yake kwafowa. Sunan Djibo da ke kan sabon allon ma da "dj" aka rubuta shi.