Yadda ake sa kati cikin akwatin intanet



A Madarunfa, a ofisoshi da wasu shaguna, kuna ganin wani ɗan akwati mai ƙananan fitilu. Ana ce masa akwatin wifi. Aikinsa shi ne ya kamo rezo daga dogon ƙarfen kamfani, ya raba wa wayoyin da ke kusa. Amma ba ya aiki sai an sa masa katin sim, na Airtel, ko Moov Africa, ko Niger Telecom, ko Zamani wanda a dā ake kira Orange.

Ga yadda ake yi:

1. Ku kashe akwatin, ku cire shi daga wuta.
2. Ku duba girman ramin. Katin sim iri 3 ne: babba, matsakaici, ƙarami. Kada ku sa ƙarami a babban rami, zai maƙale.
3. Katin yana da kusurwa ɗaya a yanke. Ku daidaita ta da zanen da ke bakin ramin.
4. Ku tura a hankali, sannan ku kunna, ku jira minti 2.

In intanet bai zo ba, kada ku yi saurin cewa akwatin ya mutu. Ku cire katin, ku sa shi cikin salula. In ya yi aiki, to katin lafiya lau yake. Wataƙila ƙurar hunturu ce ta rufe gefen nan mai ruwan zinariya. Ku goge shi da busasshen ƙyalle, ban da ruwa, ban da yawu. Ku duba ko kuɗin intanet ya ƙare. Ku ɗora akwatin a bisa, kusa da taga, amma ba cikin rana ba. Ku sani kuma, wani akwatin katin kamfani ɗaya kawai yake karɓa. Ku tambaya kafin ku saya.

Ga babban gargaɗi. In an nemi lambar PIN, kada ku yi ta cinke. Kuskure 3, kati ya kulle, sai da lambar PUK. Kuskure 10 a PUK, kati ya mutu ke nan, sai an je kamfani da katin shaida. Lambar PUK tana rubuce a jikin babbar robar da aka ɓallo katin. Ku kwafe ta cikin littafinku yau, ku adana.

Allah ya kai mu mako mai zuwa.