Awon dajin bakin tabkin Abijan

Kasuwar Treichville tana cikin birnin Abijan, a ƙasar Kwaddibuwa. Hausawa da yawa suna kasuwanci a can, da kuma unguwar Adjamé. Suna kai albasa da dabbobi daga Nijar. A kasuwar ana sayar da ɗanyen kifi da banda da ƙaguwa da jatan lande. Wasu daga teku ake kamo su, wasu kuwa daga tabkin Ebiriye.

Wannan tabki ba irin namu na daji ba ne da ke ƙafewa da rani. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 130. Unguwar Treichville kanta a kan tsibiri take, a cikin tabkin. Kogin Komowe yana zuba masa ruwan daɗi. A shekarar 1950 aka buɗe mashigin Vridi, wanda ya haɗa shi da teku, sai ruwan gishiri ya samu hanyar shiga.

A gefen tabkin akwai wani itace mai ban mamaki. Da faransanci ana ce masa palétuvier. Cikin laka yake tsirowa, gishiri kuma ba ya kashe shi. Saiwoyinsa suna fitowa waje kamar ƙafafun gizo-gizo. A tsakaninsu ƴaƴan kifi suke ɓuya har su girma. Ƙaguwa tana haƙa raminta a nan. Saiwoyin kuma suna riƙe ƙasa, kada ruwa ya cinye gaɓa. Amma mutane suna sarar itacen don girki da yin bandar kifi. Wasu suna cike bakin ruwa da yashi su gina gidaje. In dajin ya ƙare, kifi zai ragu, masunta su rasa abin yi, farashi kuma ya hau a kasuwa.

To, yaya za a san ko dajin yana raguwa? Sai an auna shi.

Da farko ana auna faɗinsa. Mutum ba zai iya zagaya shi da ƙafa ba, don laka tana kama shi har gwiwa. Saboda haka masana suna duban hotunan da tauraron ɗan'adam yake ɗaukowa daga sama. A shekarar 1972 Amurka ta harba tauraron farko na jerin Landsat. Ana ɗaukar hoton bana a gwada shi da na shekaru 20 da suka wuce. Inda kore ya ɓace, an san daji ya tafi. Da hekta ake lissafin filin. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100.

Sai dai hoto yakan ruɗi ido. Wuri zai yi kore shar daga sama, alhali an sare manyan itatuwan, ƙanana kawai suka rage. Don haka dole ne masana su shiga kwalekwale su je da kansu. Suna ja igiya su keɓe ɗan fili, misali mita 10 kowane gefe. A ciki suna ƙirga itatuwa masu rai, da kututturan da aka sare, da sabon tsiro. Suna auna kaurin kowane itace daidai ƙirjin mutum. Har ramukan ƙaguwa ana ƙirgawa.

Ruwan ma ana auna shi. Litar ruwan teku ɗaya tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Na tabkin yana canjawa: in Komowe ya kawo ruwa gishirin ya ragu, da rani ya ƙaru. Don a gane ko ruwa ya gurɓace, ana ɗaura wani farin faifai a igiya a saka shi a hankali. Inda ido ya daina ganinsa, sai a auna tsawon igiyar. Cibiyar binciken teku ta ƙasar, wadda ake kira CRO, a Treichville take, a kan Titin Masunta.