Kafin a haƙa ramin gawayi, wa ke ba da izini?

A ƙasarmu Nijar akwai gawayin ƙasa, wanda wasu ke kira kwal. Baƙin dutse ne mai cin wuta. Tun 1980 kampanin SONICHAR yake haƙarsa a Anu Araren, kusa da Cirozerin, cikin jahar Agadas. Da shi ake samar da wutar lantarkin Agadas da Arlit. Akwai wani kuma a Salkadamna, cikin jahar Tawa, inda aka aza tubalin farko na aiki a 2014. Ke nan maganar tana iya iske manomi har bakin gonarsa.

Haƙa iri biyu ce. In gawayin yana kusa, sai a kwashe ƙasar sama a ɗebe shi a fili, kamar yadda ake yi a Anu Araren. In ya yi zurfi, sai a gina rami kamar rijiya, a yi ta fasa hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa kamar gidan tururuwa. Wannan na biyun shi ya fi haɗari, shi ya sa izininsa yake son bincike mai tsanani.

Abin da ya kamata kowa ya fara sani shi ne: gona taka ce, amma ma'adinin da ke ƙarƙashinta na ƙasa ne. Haka dokar ma'adinai ta 1993 ta ce, haka kuma sabuwar dokar 2022. Maigari ba shi da ikon ba da izinin haƙa, mai gona ma ba shi da shi. Kampani yakan fara neman takardar bincike a ma'aikatar ma'adinai. Da ita zai huda ƙasa, ya auna yawan gawayin da zurfinsa. Wannan takarda ba ta ba shi damar kafa mahaƙa ba. Izinin babbar haƙa sai majalisar ministoci ta zauna a kansa.

Tsakanin takardun nan biyu akwai wani mataki, kuma a ganina shi ya fi shafar talaka. Dole kampani ya sa masana su binciki abin da aikin zai yi wa ruwa, da iska, da gonaki, da lafiyar jama'a. Dokar 2018 ta tilasta haka. A Yamai akwai ofishin da ake kira BNEE, shi ke duba rahoton kafin ministan muhalli ya sa hannu.

Me ake tsoro? Cikin ramin gawayi akwai wata iska marar wari marar launi. In ta taru, tartsatsin wuta ɗaya ya isa ta fashe. Gobara ma takan tashi. A watan Mayu na 2014, a garin Soma na ƙasar Turkiyya, gobarar rami ta kashe ma'aikata 301, yawancinsu hayaƙi ne ya shaƙe su. Sai ƙura. Ita ba ta kisa rana ɗaya. Takan taru cikin huhu shekara da shekaru, har mutum ya koma tari da haki, ya kasa ko noman kunya guda. Likita yana iya rage wahalar, amma huhun ba ya komawa yadda yake. Rushewar rami kuwa, mutanen Maraɗi ba sai an ba su labari ba. A watan Nuwamba na 2021 ramukan zinariya sun rufta kusa da Ɗan Isa, mutum 18 ko fiye suka rasu.

Wanda ke sama ma bai tsira ba. Don ramin ya bushe, injuna suna zuƙe ruwa dare da rana. Rijiyoyin da ke kusa suna iya ja baya. Ruwan da ake fitarwa wani lokaci yakan zo da tsami, ya ƙona shuka, dabba ta ƙi shansa. Bayan shekaru ƙasa tana iya lotsawa, katanga ta tsage.

Doka ta ce sai an saurari mutanen wurin kafin a amince da rahoton. Ranar taron, kada a bar wa maigari da dattawa kaɗai. Mata su zo, domin su ne suka san gabar igiyar guga. Makiyaya su zo saboda burtali da mashaya. A tambaya: ina ruwan ramin zai zuba? Wa zai auna rijiyoyinmu yanzu, kafin a fara? Wane likita zai riƙa duba huhun ma'aikata? Rahoton da Faransanci ake rubuta shi, don haka a nemi a fassara. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya rubuta amsoshin cikin littafinsa, da suna da kwanan wata. Kada a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta ba.

In aikin zai ci gona, akwai diyya, kuma ƙa'ida ita ce a biya kafin a karɓe fili. Amma diyya tana bin shaida. Wanda ke da takardar gonarsa daga hukumar filaye, wato Kofo, ya fi ƙarfin magana. Neman takardar tun yanzu ya fi sauƙi, kafin motocin awo su iso.

Tambaya ɗaya ta rage, wadda ake yawan mantawa: ranar da gawayin ya ƙare fa? Mahaƙar iraniyom ta COMINAK, kusa da Arlit, ita ma a ƙarƙashin ƙasa take. Ta fara aiki a 1978, aka rufe ta a watan Maris na 2021. Ya kamata tun cikin takardar izini a ga wanda zai toshe ramuka, da kuɗin da aka ware don gyaran wurin, da shekarun da za a ci gaba da auna ruwan rijiyoyi bayan kampani ya tashi.