Masu Gadin Kwamfutar Wanda Aka Yi wa Sakin Talala a Amurka

A Amurka, wanda kotun tarayya ta yi wa sakin talala ba ya tafiya gaba gaɗi. Akwai jami'in da ke bin sawunsa, kuma idan laifin ya shafi intanet, kamar damfara, kutse ko hotunan lalata da yara, har wayarsa da kwamfutarsa ana sa wa ido.

Da izinin alƙali ake ɗora wa na'urorinsa manhajar da ke nuna shafukan da ya shiga da saƙonnin da ya tura. Jami'in yakan kai ziyarar ba-zata gida, domin mai wayo yakan ɓoye waya ta biyu. Wanda ya karya sharaɗi, sai a mayar da shi gaban alƙali.

A da hana shiga intanet aka fi yi. Da aka saki shahararren ɗan kutse Kevin Mitnick a 2000, an hana shi intanet na shekara 3. Yau hakan ya yi tsauri, tunda neman aiki da harkar banki duk sun koma can. A 2017 ma Kotun Ƙoli ta soke wata dokar jihar North Carolina da ta hana masu laifin lalata shiga shafukan sada zumunta.

Mai son aikin jami'in sa ido sai da digiri, kuma kada ya kai shekara 37 lokacin ɗauka. Ana horar da sababbi a birnin Charleston. Sanin kwamfuta kaɗai bai isa ba: dole jami'in ya iya rubuta rahoton da lauya ba zai rusa a kotu ba.