Tukunyar da Babu Nama: Girkin Mutanen Sindi da Amfanin Gonarmu

Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari takan cika ta batse da shanu da raƙuma da tumaki da awaki, waɗansu daga nan ƙasar Gumel, da yawa kuma daga ƙetaren iyaka a Jamhuriyar Nijar. Kafin faɗuwar rana an loda su a manyan motoci an nufi Kudu da su. Baƙon da ya ga wannan zai ɗauka mutanen wannan yanki suna cin nama safe da yamma. Amma mu da muke shiga gidajen masu bi a Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar da ƙauyukansu mun san ba haka abin yake ba. Akwai gidajen da nama ba ya shiga tukunyarsu sai ranar suna, ko biki, ko Kirsimeti, kuma tun daga shekarar 2023 da aka cire tallafin man fetur kaya suka yi tashin gwauron zabo, irin waɗannan gidaje sun ƙaru.

Rashin naman ba shi ne ya fi damunmu ba. Abin da ya fi damunmu shi ne kunyar da ke biye da shi. Sau nawa mai hidimar ikkilisiya yakan kai ziyara, uwargida ta ɓoye abincin da ta dafa don kada a ga miyarta lami ce, ko maigida ya ciwo bashi ya yanka kaza saboda baƙon da bai roƙa ba? Shi ya sa muka ga ya dace a wannan mako mu ba masu karatu labarin waɗansu mutane da ke da halin sayen sa guda, amma abincinsu na yau da kullum ganye ne da wake da hatsi, kuma ba su ɗauke shi abin kunya ba.

Sindi wani lardi ne a kudancin ƙasar Pakistan, babban birninsa Karaci, kogin Indus kuwa ya ratsa shi har ya faɗa teku. Gabashinsa hamada ce da ake kira Tar, inda ruwan sama ba ya da yawa, gero ne kuma abincin talaka, kamar dai a nan wajenmu. Yawancin mutanen Sindi Musulmi ne, kuma suna cin nama. Waɗanda muke magana a kansu su ne mabiya addinin Hindu daga cikinsu. Lokacin da Turawan Ingila suka raba ƙasar Indiya biyu a watan Agusta na 1947, lardin Sindi ya faɗa cikin Pakistan, sai akasarin 'yan Hindun suka bar gidajensu da gonakinsu suka yi ƙaura zuwa Indiya, da yawansu suka zauna a sansanin 'yan gudun hijira kusa da Bombai. Ba dukansu ne suka haramta wa kansu nama ba. Waɗansu na cin kifi da naman akuya, ko da yake ba sa taɓa naman sa. Amma girkin gida na kullum, wanda uwa take dafa wa 'ya'yanta, yawancinsa ba nama a ciki, kuma zaman gudun hijira ya ƙara koya musu yadda ake sarrafa ɗan kaɗan ya ishi mutane da yawa.

Waɗannan mutane ba baƙi ba ne a Nijeriya. 'Yan kasuwarsu na garin Haidarabad ta Sindi sun bazu cikin duniya tun kafin rabon ƙasar. Kamfanin Chellaram ya buɗe a Ikko a 1923, kuma dattawanmu da suka yi cin rani a Kano ba su manta da kantinsa ba. Gidan Kewalram Chanrai su ma Sindawa ne, su ne suka kafa kamfanin Olam a Nijeriya a 1989, wanda ya fara da fitar da kashu, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu fitar da riɗin ƙasar nan. Riɗin yankinmu kuwa ya yi suna, har 'yan kasuwa suna kiran wani nau'insa da sunan Maigatari. Ashe mun daɗe muna ciniki da su, tukunyarsu ce ba mu taɓa leƙawa ba.

Da mutum ya leƙa kuwa sai ya ga kayan gidansu. Gero, dawa, kuɓewa, tsamiya, zogale, albasa, tumatir, citta, tafarnuwa, riɗi. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin amfanin gona, gama masana sun nuna cewa gero asalinsa daga yankin Sahel ne na Afirka ta Yamma, daga nan ya isa Indiya shekaru dubbai da suka wuce, haka ma dawa da wake daga Afirka suka tafi. Tsamiya ma itacen Afirka ce, ko da yake Larabawa sun raɗa mata suna dabinon Indiya. Riɗi kuwa, masana sun fi karkata ga cewa can wajensu aka fara nomansa.

Miyar da suka fi ji da ita ana kiranta sai baji, watau koren ganye. Ga yadda ake yinta. Ana jiƙa wani irin wake nasu da aka ɓare aka raba biyu. Sai a soya albasa da citta da tafarnuwa da barkono a ɗan mai, a zuba tumatir, da dankali, da yalo, da karas in akwai, a zuba waken, sa'an nan a cika tukunya da ganye: mai yawa irin na alayyafo, da ɗan kaɗan na wani ganye mai tsami, da wani mai ƙanshi. A sa gishiri da kurkur, a rufe a bar ta a wuta kaɗan-kaɗan har kome ya yi lugub, sai a burge ta da maburgi kamar yadda iyayenmu mata suke burga miyar kuɓewa, har waken ya narke ya ba miyar kauri. Irin wakensu ba a nomansa a nan, amma farin wakenmu da aka surfa zai tsaya a madadinsa, yakuwa kuma ta tsaya a madadin ganyen tsamin. Gwangwani ɗaya na wake da alayyafo ɗauri uku da yakuwa ɗauri ɗaya sun ishi gida mai mutum shida.

A nan ne muka ga bambancin da ya kamata a lura da shi. Mu mun ware wake gefe guda: ƙosai, alale, ɗanwake, garau-garau, kowanne abinci ne mai zaman kansa. Miyar tuwon dare kuwa, wadda ita ce ake ci kullum, sau da yawa kuka ce da daddawa da dunƙulen magi da ruwa. Su kuwa sun sa waken a cikin miyar kanta, saboda haka duk loma ɗaya ta hatsi tana tafiya da wake. Ma'aikatan lafiya sun bayyana dalilin amfanin haka. Sinadarin gina jiki da ke cikin gero da dawa bai cika ba, akwai wani ɓangare da ya yi ƙaranci a cikinsu wanda yake da yawa a wake, shi ma wake yana da nasa giɓin da hatsi ke cikewa. Idan aka haɗa su biyun, jiki yakan sami abin da ya kusa da na nama. Tumatir da lemun tsami da ganye kuma suna taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarin jini da ke cikin waken, abin da mata masu juna biyu suka fi kowa bukata. Sai dai a rage kanwa wajen dafa wake, domin tana kashe waɗansu sinadaran. Jiƙa shi tun da dare ya fi, kuma yana rage cin itace.

Miya ta biyu ita ce kadi, kuma ita ce ta ranar Lahadi da ranar baƙi a gidajensu da yawa. Ana soya garin wake a cikin mai, a wuta marar ƙarfi, ana juyawa ba tsayawa har ya yi ja ya soma ƙanshi. Wannan shi ne asirinta, kuma wadda ta yi gaggawa a nan za ta sami miya mai gafi. Ana jefa 'ya'yan hulba kaɗan a cikin man, sai a riƙa zuba ruwa a hankali ana damawa don kada ya yi gudaji, a sa kurkur da barkono da gishiri, a zuba kuɓewa da dankali da ɗanyun 'ya'yan zogale, watau dogayen sandunan nan tun suna kore, a yayyanka su tsawon yatsa. Daga ƙarshe a tace ruwan tsamiya a zuba. Miya ce mai ruwa-ruwa da tsami, a kan shinkafa ake zuba ta. Mu tsamiya ba ta wuce kunu ba a wurinmu, 'ya'yan zogale kuwa mukan bar su su bushe a bisa itace muna cin ganyen kaɗai, alhali cikinsu mai laushi ne idan ya dahu, ana tsotse shi a yar da ɓawon.

Shinkafa ta yi tsada, mun sani, kuma ƙasarmu ta jigawa ba ta shinkafa ba ce. To, suna da wata gurasar gero da suke kira dodo (iyaye su shaida wa yara cewa wannan dodon ba ya cin mutum, shi ake ci). Garin gero ko na dawa ake kwaɓawa da ruwa da gishiri da yankakkiyar albasa da ɗanyen barkono, a faɗaɗa shi da tafin hannu ya yi ɗan kauri, a gasa a kasko da ɗigon mai, a juya ɗaya gefen. Ba ya bukatar yis, ba ya bukatar kwana kamar ƙullun waina, kuma manomi zai iya ƙunshe shi ya tafi gona da shi. Gurasar da ta kwana ma ba a zubarwa: sukan gutsuttsura ta su dafa cikin miyar albasa da tumatir da tafarnuwa, su kira ta seyal mani. Ɗumame ke nan da wani suna.

Sauran riɗi. A tsakiyar watan Janairu suna da wani biki da ake kira Tirmuri, inda ake yin dunƙulen riɗi da zaƙi ana rabawa, kusan daidai da kantun da muke yi da mazarƙwaila. Kusan rabin nauyin ƙwayar riɗi mai ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar kuma sinadarin gina jiki. Amma da kaka ta yi, motocin masu saye sun iso ƙauye, sai a auna riɗin duka har da na ƙasan buhu, a auna wake, a karɓi kuɗi, kafin bazara kuɗin sun ƙare, yara kuma suna cin tuwo da miyar da ba kome a cikinta. Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Ba mu ce kada a sayar ba, don kuɗin makaranta da na magani da na taki duk daga nan suke fitowa. Amma magidanci ya ware tiya biyar ta riɗi da buhu guda na wake ya damƙa wa uwargida tun kafin ya ga mai saye, ya ɗauka wannan ba na kasuwa ba ne. Cokali biyu na soyayyen riɗi da aka daka, a cikin kunun yaro ko cikin miyar ganye, ya fi dunƙulen magi amfani nesa ba kusa ba.

Wani ɗan'uwa zai ce, me ya haɗa mai bin Yesu da abincin masu wani addini? Tambayar tana kan hanya. Waɗansunsu sun bar nama ne saboda koyarwar addininsu, har wani malaminsu, Sadhu Vaswani, wanda aka haifa a Haidarabad ranar 25 ga Nuwamba 1879, mabiyansa suka mai da ranar haihuwarsa ranar ƙin cin nama. Mu ba mu da wannan doka. Littafi Mai Tsarki bai haramta mana nama ba, kuma Manzo Bulus a wasiƙarsa zuwa ga Romawa sura 14 ya gargaɗi mai cin kome da mai cin ganye kaɗai kada ɗayansu ya rena ɗaya ko ya hukunta shi. Girki muke ara, ba ibada ba, kamar yadda muka ari taliya da burodi ba mu tambayi addinin masu su ba. Mu tuna kuma Daniyel da abokansa uku a fadar Babila, waɗanda suka zaɓi kayan lambu da ruwa har kwana goma a maimakon abincin sarki, aka same su sun fi sauran samari kyan jiki. Isuwa ma, da ya sayar da matsayinsa na ɗan fari, ba don tsire ya sayar ba, don faten wake ne, shi kuwa maharbi ne da ya saba da nama.

Akwai gargaɗi guda da ba za mu tsallake ba. Sindawan da ba sa cin nama suna shan madara da kindirmo kusan kullum, kuma akwai wani sinadari da jini da jijiyoyi ke bukata wanda ba a samunsa a ganye ko wake, sai a nono da ƙwai da kifi da nama. Saboda haka yaron da aka yaye, da mai ciki, da mai shayarwa, kada a ce ganye da wake sun wadatar da su. A nema musu nono wajen Fulani, a bar musu ƙwan zabi ko na kaza ko da biyu ne a mako a maimakon a kai duka kasuwa, a daka busasshen kifi a cikin miyarsu in an samu.

Ikkilisiyoyin da ke kiyaye azumin kwana arba'in kafin Ista, inda da yawa sukan bar nama ranar Jumma'a, suna da lokacin da ya dace a gwada waɗannan. Lokacin ne kuma kayan lambun rani suke araha, tumatir da albasa da alayyafo sun cika kasuwar Gumel. Muna ba shugabannin Zumuntar Mata shawara su keɓe taro guda, kowace mace ta zo da abin da take da shi, wannan wake, waccan yakuwa, wata tsamiya, a dafa sai baji tukunya guda a harabar majami'a, a gasa dodo, a kira maza su ɗanɗana, gama sau da yawa su ne masu tura kwano gefe idan ba su ga tsoka ba. Wadda ta gwada da gasasshen garin gyaɗa ko da ganyen rama ko tafasa ta ga ya yi, ta rubuto wa wannan shafi yadda ta yi da ma'aunin da ta bi, za mu buga domin 'yan'uwa na sauran gundumomi.